Kunna babbar amfilifaya da ƙaramar wutar tiriga: wane rile ya dace?

Bello Mabera:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar malamai da iyayen gida a kan wani aiki da kwamitin masallacin unguwarmu ya ɗora mini. Babbar amfilifayar masallacin tana cikin ɗakin ajiya a bayan gini, a kulle saboda tsaro, ƙaramar na'urar da ake jona makirfo kuwa tana kusa da inda liman yake tsayawa, kuma tsakaninsu akwai tafiyar waya ta kimanin mita 30. Ladaninmu dattijo ne, zagayawa ya buɗe ɗakin a kowace salla yana ba shi wahala, don haka sau da yawa ana barin amfilifayar a kunne tun daga asuba har bayan isha, tana ɗaukar zafi, tana kuma cinye batirin inbata ba gaira ba dalili.

A bayan ƙaramar na'urar akwai wani rami mai milimita 3.5, irin wanda ake jona abin sauraro na kunne, an rubuta masa tiriga, 12V, 100mA. Na sa mita na ga bolt 12 yana fitowa idan an kunna na'urar, yana ɗaukewa idan an kashe ta. Ita babbar amfilifayar ba ta da kafar karɓar tiriga, makunninta na hannu ne mai tsayawa inda aka danna shi, kuma taransifomarta mai zobe ce, an rubuta 500VA a jikinta. Tambayata ita ce, yaya zan yi amfani da wannan ƙaramar wuta in kunna babbar, ba tare da na ƙone ɗaya daga cikinsu ba?

Aliyu Rewaya:
Wa alaikumus salam, Malam Bello. Wannan aiki ne da muke yi kullum a mota. Rediyon mota yana da waya shuɗiya mai farin layi wadda take ba da bolt 12 idan an kunna shi, da ita muke tayar da amfilifayar da ke but. Ka sayi rilen mota, wato makunnin da ƙaramar wuta take dannawa ba hannu ba, mai ƙafa huɗu ko biyar, ka kai tirigarka ƙafa ta 85 da ta 86, ka yanke wayar wutar amfilifaya ka bi da ita ta 30 da 87. Yana ɗaukar amfiya 30 ko 40, yana da araha, kuma babu shagon kayan mota a Sakkwato da za ka shiga ka rasa shi.

Injiniya Nasiru:
Malam Aliyu, dabarar da ka kawo ita ce asalin maganar, domin rile ne zai yi aikin, amma ina roƙon Malam Bello kada ya sa rilen mota a kan wutar gida. Rile yana da ɓangare biyu da ya kamata a yi wa hisabi daban-daban: koyil ɗin da ke jawo ƙarfe, da kwantak ɗin da babbar wuta take bi. Ta ɓangaren koyil, yawancin rilen mota idan ka auna tsakanin 85 da 86 za ka samu wajen om 80, wato a bolt 12 yana jan kimanin miliamfiya 150, alhali ramin tirigar ya ce iyakarsa 100. Ko dai wutar ta faɗi rilen ya kasa kamawa, ko kuma ɗan transistan da ke ciyar da ramin ya ƙone, a koma neman mai gyara.

Ɓangaren kwantak ne ya fi tayar mini da hankali. An ƙera rilen mota ne don wutar batir, ba a yi masa tazara da rufi na bolt 230 tsakanin koyil da kwantak ba. Ranar da wannan rufi ya gaza, wutar gida za ta bi wayar tiriga ta shiga jikin ƙaramar na'ura, daga nan ta kai ga makirfon da ke hannun ladan, mutumin da yake tsaye babu takalmi, wani lokaci da danshin alwala a hannunsa.

Aliyu Rewaya:
Ranka ya daɗe, na karɓi maganar koyil domin lissafi ne a fili. Amma a kan kwantak ina da ja. Abin da aka yi shi don amfiya 40, yaya amfilifayar da ba ta wuce amfiya 2 ko 3 ba za ta fi ƙarfinsa? Na ga masu sana'ar sauti a wuraren biki sun yi haka, kuma kayansu suna aiki.

Malama Hadiza:
Malam Aliyu, lambar amfiya tana gaya maka kaurin hanyar da wuta za ta bi ne, wato yawan abin da kwantak zai ɗauka kafin ya yi zafi. Lambar bolt kuwa tana gaya maka irin matsin da rufin zai jure kafin wuta ta tsallaka inda ba a so. Girman ɗaya ba ya cike gurbin ɗayar. A kuma tuna cewa bolt 230 ɗin da mita take nunawa ba shi ne ƙololuwa ba: a kowane zagaye wutar tana hawa har wajen bolt 325, ban da tsalle-tsallen da take yi idan aka sauya daga janareta zuwa wutar gari. Cewa wasu sun yi bai cutar da su ba ya nuna dai rufin bai gaza ba tukuna, kuma kayan masallaci shekaru ake so su yi babu mai leƙa su.

Usman Mai Rediyo:
Ni a ganina an tsawaita abin da yake gajere. Akwai ƙaramin rile shuɗi mai siffar akwati wanda ke cikin kusan kowace sitabilaiza, SRD-12VDC-SL-C. Koyil ɗinsa wajen om 400 ne, yana jan miliamfiya 30, bai kai sulusin abin da tirigar take iya bayarwa ba, kuma a jikinsa an rubuta 10A 250VAC, don haka na wutar gida ne. Malam Bello, ka kai wayar tiriga kai tsaye ga koyil, ka sa diyod 1N4007, wato abin da ke barin wuta ta bi gefe ɗaya kawai, a gicciye da koyil ɗin, ɓangaren da ke da zoben azurfa yana kallon wayar fositif. Wannan diyod ba zaɓi ba ne. Idan aka yanke wa koyil wuta farat ɗaya yakan mayar da wani tsalle na bolt mai yawa ta baya, shi ne yake kashe transistan da ke cikin na'urar da ta aiko da tirigar.

Nisan mita 30 kuma kada ya dame ka. Wayar jan ƙarfe mai kaurin 0.5mm², zuwa da dawowa mita 60, ba ta wuce om 2 da ɗan kai ba, a miliamfiya 30 asarar ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na bolt ɗaya ba.

Injiniya Nasiru:
Malam Usman ya yi daidai a kan koyil, da diyod, da waya. Inda ban bi shi ba shi ne cewa aiki ya ƙare a nan. Malam Bello, don Allah ka zare filogin amfilifayar daga soket, ka bar makunninta a kunne, ka sa mita a kan om tsakanin ƙafafun filogin biyu, ka gaya mana abin da ka gani. Ka kuma gaya mana abin da ke faruwa a masallacin daidai lokacin da aka danna makunnin.

Bello Mabera:
Yallaɓai, na auna, mita ta nuna kusan om 3. Idan an kunna ta a kan wutar gari, ƙwan fitilar ɗakin yakan yi ƙasa sau ɗaya kamar ƙiftawar ido, a kuma ji taransifomar ta yi wani gum. A kan inbata kuwa wani lokaci inbatar takan yi ƙara ta nuna jar fitila, sai an kashe ta an sake kunnawa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ba kullum take yin haka ba.

Injiniya Nasiru:
Madalla, wannan ita ce matsalar da nake so mu tsaya a kanta. Taransifoma mai 500VA a bolt 230, ko an ƙure ta, abin da take ja bai wuce amfiya 2.2 ba. Amma a daidai lokacin kunnawa al'amarin daban ne. Abin da ke hana taransifoma zuƙar wuta ba kaurin wayarta ba ne, maganaɗisun da ke cikin ƙarfenta ne. Idan kunnawar ta faɗo a mummunan wuri na zagayen wuta, ƙarfen yakan cika ya kasa ɗaukar ƙarin maganaɗisu, sai ya zama babu abin da ya rage yana tare wutar sai wannan om 3 da ka auna, da ɗan abin da wayoyin gini suka ƙara. Ka raba 325 da 3, ka ga iyakar abin da zai iya faruwa ya haura amfiya 100, na ɗan wani yanki na daƙiƙa. A aikace ba ya kaiwa can sau da yawa, amma gomman amfiya abu ne da aka saba gani, musamman a taransifoma mai zobe domin ƙarfenta ba shi da giɓi. Ga kuma manyan kafasitocin amfilifayar da suke wayam a lokacin, su ma suna neman a cika su nan take.

Dalilin da ya sa ba kullum inbatar take kuka ba shi ne, hannun mutum bai san a wane wuri na zagayen ya danna makunni ba, sa'a ce kawai. Shi ma rile bai sani ba. Kuma kwantak ɗin rile idan ya rufe ba ya zama lokaci guda, yakan yi 'yar rawa ta wasu 'yan kashi cikin dubu na daƙiƙa, a kowace rawa tartsatsi yana tashi. Wannan fizgar farko, sau biyar a rana, ita ce take cin fuskar kwantak har wata rana ya narke ya manne. Ranar da ya manne, ladan zai kashe ƙaramar na'ura ya tafi gida, amfilifaya kuwa tana nan a kunne a ɗaki kulle. Lambar 10A da ke jikin shuɗin rile ta kayan da ba su da fizga ce, kamar hita.

Sanusi Arkilla:
Iyayena, ni ɗalibi ne, ina neman a gyara mini idan na kauce. Tunda matsalar daga kwantak mai motsi take, me zai hana a sa rilen da ba shi da abin motsi, wanda ake rubuta SSR a jikinsa? Yana karɓar bolt 3 zuwa 32 a ƙafar umarni, abin da yake ja kaɗan ne ƙwarai, a cikinsa haske ne yake raba ɓangarorin biyu, babu tartsatsi, babu ƙara. Na ga masu 25A da 40A a kasuwa.

Malama Hadiza:
Sanusi, tunaninka mai kyau ne, kuma da hita ko fitila za a kunna da na goyi bayanka. Sai dai yawancin waɗanda ake samu a kasuwa an tsara su ne su jira sai wuta ta zo daidai sifili sannan su rufe. Ga kafasita wannan alheri ne, amma ga taransifoma shi ne wuri mafi muni, domin daga sifili wutar za ta yi rabin zagaye cikakke tana tura maganaɗisu gefe ɗaya, har ya nemi ninka abin da ƙarfen ya saba ɗauka. Ma'ana, abin da hannun ladan yake faɗawa a kai jefi-jefi, wannan na'ura za ta zaɓe shi da gangan a kowace kunnawa. Taransifoma ta fi son a kunna ta sa'ad da wuta take ƙololuwa.

Sannan SSR yana fitar da zafi, wajen wat ɗaya ko fiye a kan kowace amfiya, don haka yana buƙatar faranti mai shan zafi. Idan ya lalace kuma yawanci a rufe yake mutuwa, wuta ta ci gaba da wucewa. Ko yana kashe yakan bar 'yar wuta tana yoyo. Jabunsa kuma ya yi yawa, za ka ga an rubuta 40A, a fasa shi a tarar da abin da ke ciki bai kai haka ba.

Alhaji Garba Gawon Nama:
Ni aikina wayarin gine-gine ne, kuma a wurinmu idan kaya mai fizga ne, kontakta ake sa masa, wato babban rile mai ɗaukar kaya masu nauyi, ba a wahalar da ƙaramin rile. Shawarata a yi hawa biyu. Shuɗin rilen da Malam Usman ya ambata ya karɓi tiriga, aikinsa kawai ya kai wuta ga koyil ɗin kontakta, ita kuma kontaktar ta ɗauki amfilifaya. Tiriga ɗan aike ne, ba a ɗora masa buhu. Ƙaramar kontakta mai 20A ko 25A irin wadda ake sawa a kan layin dogo cikin akwatin rabon wuta ta isa, tana da sukurori masu kama waya da kyau, kuma tana yanke layif da nutural gaba ɗaya.

Usman Mai Rediyo:
Baba Alhaji, kontakta tana da ƙarfi, babu musu, amma koyil ɗinta na bolt 230 ne, kuma kowa a nan ya san yadda wuta take yin ƙasa da yamma a watannin zafi, lokacin da kowane gida ya kunna fanka da firji. Ƙa'idar da ake ƙera kontakta a kai ita ce ta kama daga kashi 85 cikin ɗari na wutar koyil ɗinta, wato wajen bolt 195. Ƙasa da haka babu tabbas, tana iya kama kakkarwa, tana kamawa tana saki, kuma kowane kamu sabuwar fizga ce ga taransifoma. Na sha karɓar amfilifaya a teburina da fiyus a ƙone da diyod ɗin gada a fashe, idan na bi sawu sai in tarar wani abu ne a gabanta yake wannan kakkarwa.

Alhaji Garba Gawon Nama:
Wannan gaskiya ne a inda babu sitabilaiza. Amma akwai kontakta mai koyil na bolt 12 ko 24 na wutar batir, sai dai samunta a nan yana da wuya, kuma kuɗinta ya fi. Ban janye ba, zan dawo kan dalilina idan an zo maganar wayari.

Injiniya Nasiru:
Ko rile ko kontakta, muddin ba a rage fizgar ba, inbatar Malam Bello za ta ci gaba da nuna jar fitila. Don haka ni abin da nake gani shi ne a kashe matsalar daga tushe da haɗin tashi sannu. Rile na farko ya kai wuta ga amfilifaya ta cikin rezista, bayan ɗan lokaci kaɗan, kamar kashi ɗaya zuwa biyu cikin goma na daƙiƙa, rile na biyu ya rufe ya tsallake rezistar. Rezista uku masu om 150, wat 5 kowace, idan aka haɗa su kafaɗa da kafaɗa sun zama om 50, kuma 325 a raba da 50 bai wuce amfiya 6.5 ba, komai munin wurin da kunnawar ta faɗo. Da wannan, kwantak ya huta, fiyus ya huta, inbata ta huta.

Sharaɗi ɗaya ne ba a wasa da shi. Idan rile na biyu ya ƙi rufewa, duk wutar amfilifaya za ta ci gaba da bin rezistocin, kuma a amfiya 2 wannan wat 200 ne a kan abin da aka yi don wat 15. Dole a ɗaura fiyus na zafi a jikinsu, irin wanda ke cikin koyil ɗin fanka, a jera shi a kan hanyar wutar, yadda idan suka yi zafi fiye da kima zai yanke. Rilen kuma a nemi mai 16A, kamar Omron G2R-1-E, wanda koyil ɗinsa na bolt 12 yake jan wajen miliamfiya 44.

Usman Mai Rediyo:
Yallaɓai, me ya sa ba za a sa NTC kawai ba, wato rezistar nan da juriyarta take raguwa idan ta yi zafi? Baƙin ƙwaya ɗaya ne mai om 10, yana cikin akwatin wutar yawancin kwamfutoci, a sanyi yana tare fizga, idan ya ɗumama ya buɗe hanya da kansa. Babu rile na biyu, babu lissafin lokaci.

Injiniya Nasiru:
Saboda abu biyu da suka shafi garinmu, Malam Usman. Om 10 ɗin da aka rubuta masa a zafin digiri 25 aka auna shi. A Afrilu da Mayu inuwa kanta tana haura digiri 40 a Sakkwato, ɗakin ajiya mai rufin kwano kuwa ya fi haka, don haka tun kafin a kunna ya riga ya zubar da wani kaso na ƙarfinsa. Na biyu, bayan ya yi aiki yana buƙatar minti ɗaya ko fiye ya huce. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar karatu, inbata ko janareta ya karɓa bayan 'yan daƙiƙu, zai tarar da shi da zafi, babu abin da zai tare. Idan ana son NTC, a sa shi a gurbin rezistocin, a kuma bar rile na biyu ya tsallake shi don ya huce yana jiran kunnawa ta gaba. Wannan haɗi ne mai kyau, har ya fi rezista haƙuri idan rilen ya makara.

Malama Hadiza:
Tunda an kawo zafi, ina so in koma kan koyil, domin akwai abin da aka wuce. Juriyar wayar jan ƙarfe tana ƙaruwa da kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kan kowane digiri. Shuɗin rile an ba da tabbacin zai kama a kashi 75 cikin ɗari na wutarsa, wato bolt 9, amma a ɗaki mai sanyi. Idan koyil ya kai digiri 65 a cikin rufaffen akwati da azahar, juriyarsa ta ƙaru da wajen kashi 16, sai ya nemi kusan bolt 10.5 kafin ya kama. Ramin tiriga kuma idan aka ɗora masa kaya ba lallai ya tsaya a 12 cif ba. Yanzu da ake maganar rile biyu masu miliamfiya 44, an kai 88 cikin 100, babu sauran sarari.

Don haka ina ganin kada tirigar ta ciyar da koyil ko ɗaya. A sa ƙaramar adafta ta bolt 12 a ɗakin ajiya, a jone ta kafin rile yadda kullum tana da wuta, ita ce za ta ciyar da su. Tirigar ta shiga oftokofula PC817, wato ɗan abin da ke isar da umarni da haske ba da waya ba, ta cikin rezista mai om 2,200, abin da za ta ja bai kai miliamfiya 5 ba. A sa diyod 1N4148 a gicciye da ƙafafun shigarsa, a juye, domin fitilar da ke ciki ba ta jure fiye da bolt 6 ta baya idan wani ya juya waya. Fitar ofton ta bi ta rezista mai om 4,700 zuwa ƙafar tsakiya ta transista BC337, a kuma sa wata mai om 100,000 daga wannan ƙafa zuwa negatif don kada ya kunna kansa. Na zaɓi BC337 ne domin yana ɗaukar miliamfiya 800, BC547 da ya fi yawa a shaguna kuwa iyakarsa 100. Diyod ɗin Malam Usman yana nan a kan kowane koyil.

Ribar ofton ba ta tsaya ga rage kaya ba. Babu wata waya da ta haɗa negatif ɗin ƙaramar na'ura da na akwatin rile, don haka ba a buɗe wa gurnanin nan na wuta sabuwar hanyar shiga lasifika ba, kuma duk abin da ya faru a ɗakin ajiya sai ya tsallake rufin da aka gwada a bolt 5,000 kafin ya kai ga makirfo.

Aliyu Rewaya:
Malama, Allah ya ƙara ilimi. Ina da tambaya saboda masallatan ƙauye, irin na wajen Kware da Bodinga da nake zuwa yi wa aikin sola. Yawancinsu amfilifayarsu tana da sukurori biyu a baya na batir, bolt 12, ba sa bi ta inbata ko kaɗan. A nan ma an hana rilen mota?

Injiniya Nasiru:
A nan rilen mota shi ne a gidansa, Malam Aliyu, kuma ya fi shuɗin dacewa nesa ba kusa ba. Amfilifayar da ke jan wat 120 daga batir mai bolt 12 tana jan amfiya 10, kuma wutar batir ta fi wuyar yankewa, domin wutar gida tana ratsa sifili sau 100 a daƙiƙa, tartsatsi ya mutu da kansa, ta batir kuwa ba ta ratsawa. Shi ya sa za ka ga rilen da aka rubuta wa bolt 250 na wutar gida, a layi na ƙasa an rubuta masa bolt 28 ko 30 kacal na wutar batir. Ka yi amfani da haɗin Malama, BC337 zai ɗauki miliamfiya 150 na koyil ɗin ba tare da wahala ba, batirin kansa ya ciyar da shi, ka kuma sa fiyus kusa da kan batir.

Alhaji Garba Gawon Nama:
To, ga dalilin da na ce zan dawo da shi. Rilen 16A da Injiniya ya ambata waya ɗaya yake yankewa. Wannan ya wadatar idan an tabbata layif ake yankewa. Amma masallacin nan yana shan wuta daga gari, da inbata, wataƙila da janareta ranar Juma'a, kuma na buɗe soket da yawa a garin nan na tarar an juya layif da nutural. Ƙananan janareta da wasu inbatoci kuma duka wayoyinsu biyu suna kunna fitilar tasta. A irin wannan hali, idan ka yanke ɗaya, amfilifaya ta yi shiru amma cikinta da wuta, mai gyara ya zo ya sa hannu. Ni ba na sa hannu a aikin da ba ya yanke biyun.

Sauran ƙa'idojin kuma ba su canza ba. Wayar ƙasa ba ta bi ta rile ko fiyus, ta wuce kai tsaye, idan akwatin na ƙarfe ne a ɗaure ta a jikinsa. Fiyus ya zo kafin komai, mai jinkirin ƙonewa wanda ake rubuta T a gaban lambarsa, daidai da wanda ke bayan amfilifayar. Idan a kan allon nan mai ramuka za a yi haɗin, a sani daga tsakiyar layi zuwa tsakiyar na gaba milimita 2.54 ce kawai, dole a kankare layukan da ke tsakanin ɓangaren wutar gida da na bolt 12 har a samu aƙalla milimita 6 zuwa 8 babu jan ƙarfe. Ƙurar hunturu tana kwanciya a kan allo, damina ta zo ta jiƙa ta, wuta ta samu hanya.

Injiniya Nasiru:
Na yarda da Alhaji a kan yanke waya biyu. Inda muka bambanta shi ne abin da zai yanke su. Ɗan'uwan wancan rile mai yanke biyu, G2R-2, amfiya 5 kawai yake ɗauka a kowane kwantak, amma tunda tashi sannu ya riga ya daƙile fizgar, kaya kuma bai wuce amfiya 2.2 ba, ni ina ganin ya isa. Alhaji zai ce kontakta ta fi kwanciyar hankali, kuma wanda ya samu mai koyil na bolt 12 ba zan hana shi ba, sai dai ya duba abin da koyil ɗin yake ja kafin ya zaɓi adafta da transista.

Bello Mabera:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Zan bi haɗin Malama a ɓangaren tiriga, da tashi sannu mai NTC da rile na biyu, mai yanke biyun kuma zan ga wanda na samu a kasuwa. Saura abu ɗaya. Yanzu idan an kashe ƙaramar na'ura alhali babbar tana kunne, lasifikokin saman hasumiya sukan yi wata ƙara mai ƙarfi da unguwa take ji. Sabon haɗin zai magance wannan?

Usman Mai Rediyo:
Rabi zai magance, Malam Bello. Ƙa'idar ita ce babbar amfilifaya ta zama ta ƙarshe wajen kunnawa, ta farko wajen kashewa. Wajen kunnawa abin da sauƙi: ka sa kafasita a ɓangaren transista ya jinkirta kamun rile na farko da daƙiƙa biyu ko uku, da diyod zina, wanda ba ya barin wuta ta wuce sai ta kai wani adadin bolt, a kan hanyar ƙafar tsakiya don kamun ya zo a tsaye ba da jan ƙafa ba, kafin nan ƙaramar na'ura ta gama natsuwa. Wajen kashewa kuwa, ko rile ya saki nan take, manyan kafasitocin amfilifayar suna riƙe da wuta na wasu daƙiƙu, don haka ƙarar mutuwar ƙaramar na'urar tana iya wucewa. Idan amfilifayar tana da rilen kare lasifika a cikinta, wanda za ka ji ya yi ƙas jim kaɗan bayan an kunna, mai yiwuwa ya yanke da wuri ya tare ta. Idan babu, ka sa ɗan makunni a kan wayar tirigar kusa da liman, ladan ya fara kashe shi, ya ɗan dakata, sannan ya kashe na'urar.

Ranar gwaji kuma kada ka fara da amfilifayar masallaci. Ka fara da ƙwan fitila a matsayin kaya, ka kunna ka kashe ta tiriga, ka saurari rile biyun kana jin tazarar da ke tsakaninsu. Bayan haka ka zare komai daga soket, ka sa mita a kan om mafi girma tsakanin wayar tiriga da kowace ƙafa ta filogi, kada ta nuna komai. Sai ka jona amfilifayar ta cikin ƙwan fitila mai zare na wat 100 a jere da layif, da ƙarar sauti a ƙasa: ya haska sau ɗaya ya dushe, to lafiya, ka cire shi ka jona kai tsaye, idan ya tsaya da haske, ka kashe ka sake bin wayarinka.